Walda da Sanda: Sharhin Wanda Ya Kamu

A cikin duk abin da na taɓa cire kuɗi na saya don jin daɗin raina kawai, ba don ciki ko sutura ba, babu wanda ya biya ni kamar ƙaramin injin walda na inbata da kwali ɗaya na sandar walda mai lamba 6013. Na faɗa, kuma ko a gaban wa zan maimaita. Ni ba mai walda ba ne, ba kuma ɗan gidan maƙera ba. Malamin makaranta ne ni, ina taɓa noma kamar kowa a Kurmin Kogi, kuma sai da furfura ta fara leƙowa sannan na riƙe holda, wato mariƙin sandar walda. Amma tun da na ga ƙarfe ya narke a ƙarƙashin hannuna ya zama ruwa, ya bi inda na ja shi, ya sandare ya mayar da abu biyu ɗaya, na kamu, kamun da ban ga alamar saki ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini ido da ido. A wajenmu ba a koyon sana'a don sha'awa. Yaro ake kaiwa wurin mai walda, sau da yawa ma yaron da aka ga boko ya ƙi shi, ya shekara yana share shago, yana miƙa guduma, yana riƙe ƙarfe, kafin a yarda ya taɓa holda. Magidanci mai iyali da aikin yi ya sa tsohuwar riga ya tsuguna cikin yara, sai a fara tambayar ko lafiya. Wani dattijo a unguwarmu ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, albashin ne ya gaza, ko ritaya kake wa tanadi?" Na ce, "Baba, ko ɗaya. So nake yi." Ya daɗe yana kallona. Ga mai zuwa gidan kallon ƙwallo, ga mai kiwon tantabaru, ga mai dara a gindin bishiya, babu wanda ya taɓa tambayarsu dalili. To ni nawa nishaɗin ke nan, kuma idan na tashi daga gare shi akwai abin da zan ɗaga in nuna.

In kuwa akwai ƙasar da ta dace mutum ya iya walda, to tamu ce. Daga Kurmin Kogi zuwa Ikara, Paki, Auchan da Saulawa, ka shiga Makarfi da rakenta, ka wuce Hunkuyi da Kudan, a kan ƙarfe rayuwa take tafiya. Garmar shanu, amalanke, baro, kurar ruwa, injin casar masara, injin niƙa, mazaunin injin ban ruwa na masu tumatir da barkono a fadama, injin matse rake na masu mazarƙwaila, ƙyauren shago, kariyar babur. Kowannensu da ranar tsagewarsa, kuma ba ya tashi tsagewa sai ranar da aka fi bukatarsa. Garma ta ɓalle da sanyin safiya, ƙasa ta jiƙu, shanu na tsaye, 'yan ƙwadago na jira, ka isa shagon mai walda ka tarar da mutum biyar a gabanka, kowa da tasa garmar.

Bari in fara da injin, don shi ya buɗe mini ƙofa. Duk wanda ya tashi a nan ya san tsohon injin walda: ƙatuwar tiransifoma, galibi haɗin gida, an naɗe waya a kan tarin faranten ƙarfe, wata a akwatin katako, wata a tsome cikin mai don kada ta ƙone, sai ƙarti biyu sun kama take motsawa. Idan aka ɗosana sanda ta yi gurnani, fitilun maƙwabta su hau lumshewa. Ina girmama ta ƙwarai, ita ta yi mana ƙofofi da tagogin da muke kwana a bayansu. Amma nawa injin, wanda na sayo a Sabon Garin Zariya, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa. Nauyinsa bai kai kilo 5 ba, ina rataya shi a kafaɗa in hau babur. Wutar da ke zuwa gidajenmu tana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa, kuma tiransifomar da za ta yi aiki da wannan jinkiri dole ta yi girma da nauyi. Shi kuwa injin inbata yana karɓar wutar ya miƙar da ita, sannan wasu 'yan makunnan lantarki da ake kira IGBT su riƙa datsa ta sau 20,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Da wannan sauri, 'yar tiransifomar da za ta zauna a tafin hannu ta wadatar. Abin da ke fitowa bakin holda wuta ce miƙaƙƙiya, mai laushi, wadda ba ta yawan yankewa. Ga ɗan maɓallin murɗawa, ga lambobi suna haske: kana son amfiya 75, ka murɗa har ka ga 75. A tsohon injin haɗin gida sai dai ka cire waya daga wannan ƙugiya ka mayar waccan, sauran kuma kintace ne da daɗewa a sana'a.

Abin da ya ƙara sa ni son sa shi ne waɗanda suka ƙera shi sun tuna da ɗan koyo. A daidai lokacin da ka taɓa ƙarfe, injin yakan ɗan ƙaro wuta don ta kama da wuri. Idan kuma sandar ta manne, wanda shi ne ciwon kan kowane sabon shiga, sai ya janye wutar da kansa, ka lanƙwasa hannu ka ɓalle ta ba tare da ta yi ja ta lalace ba. Wannan kaɗai ya isa a yi wa mai wannan dabara addu'a.

Sai sandar, wadda masu sana'a ke ce wa ilaktirod. Ka ɗauke ta ka duba: tsinken ƙarfe ne an lulluɓe shi da wani busasshen ƙulli mai launin toka. A wannan lulluɓi duk hikimar take. Tun 1888 wani injiniya ɗan Rasha, Nikolai Slavyanov, ya nuna ana iya narka tsinken ƙarfe da wutar lantarki a cike gaɓa da shi. Matsalar ita ce narkakken ƙarfe ba ya shiri da iska. Da zarar ta shige shi sai ya yi ramuka, ya yi gautsi. Wani ɗan Suwidin mai suna Oscar Kjellberg, wanda ke gyaran tukwanen tururi na jiragen ruwa a birnin Gotenbag, shi ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya kuma yi rajistar sanda mai lulluɓi a 1907. Lulluɓin yana ƙonewa tare da tsinken, hayaƙinsa ya kore iska daga wurin, sauran ya narke ya taso saman ruwan ƙarfen ya zama ɓawo, ya rufe shi har ya huce. Ke nan sanda ɗaya ita ce ƙarfen ciko, ita ce garkuwa, ita ce murfi. Babu tukunyar gas, babu tiyo, babu abin da iskar hunturu za ta kwashe. Shi ya sa fiye da shekara ɗari bayan Kjellberg, ita ce dai ke mulki a gefen titi da bakin fadama.

Lambar da ke jikinta ma magana ce. A E6013, 60 na farko yana nufin ƙarfen da ta zuba zai jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Lamba 1 tana nufin ana walda da ita ta kowace fuska, a kwance, a tsaye, har sama da kai. Lamba 3 kuwa irin lulluɓin take faɗa, mai sinadarin rutayil, wanda ke sa ta kama da sauƙi, ta yi aiki da kowace irin wuta, ta bar layi mai santsi. Ba ta nutsewa can cikin ƙarfe sosai, kuma wannan alheri ne ga mai aiki da siraran fayif irin na kasuwanninmu. A shago ba wanda zai tambaye ka milimita. Geji za a tambaye ka. Geji 12 ita ce mai kaurin milimita 2.5, tana son amfiya tsakanin 60 da 90. Geji 10 ita ce mai 3.2, tana son daga 90 zuwa 130. Ɗan koyo ya riƙe geji 12, ta ishe shi hira mai tsawo.

Amma inji da sanda ba sa koyar da kowa. Wanda ya koya mini wani matashin mai walda ne da na girma nesa ba kusa ba. Yana ce mini Malam, ina ce masa Oga, kuma da gaske nake, don a ƙarƙashin rumfarsa shi ne babba. Da na je masa da maganar bai yi dariya ba, bai kuma yi mini kara irin ta girma ba. Ya jawo wani guntun farantin ƙarfe mai kauri daga tarin tarkace, ya sa giranda ya goge tsatsar har ya yi fari, ya maƙala wayar at a jikinsa, ya ce, "Malam, yau ba za mu haɗa komai da komai ba. Layi kawai za ka ja. Gobe ma layi." Allah ya saka masa da alheri kan wannan hukunci. Mai gaggawar haɗa ƙyaure tun bai iya jan layi ba, ƙyauren zai tsaya, amma ranar da zai faɗi tana nan tafe.

Ga yadda abin yake idan ka rufe fuska. Duniya ta yi baƙi ƙirin. Ka ƙyasta bakin sandar a jikin ƙarfen, ka ɗan ɗaga, sai wani haske ya tashi tare da ƙara mai tsartsatsi. Da farko hasken ne ke ɗauke maka hankali, da tartsatsin da ke tashi ta ko'ina. Oga ya sunkuyo kusa da kunnena, shi ma da tasa garkuwar, ya ce, "Malam, ba wutar za ka kalla ba. Ruwan za ka kalla." Na sauke ido ƙasa kaɗan, bayan bakin sandar, sai ga shi. Ɗan tafki ne mai sheƙi, faɗinsa bai fi ninki biyu na kaurin sandar ba, yana rawa, gefensa na cin ƙarfen da ke kewaye. A bayansa wani ruwan daban yana bi, mai duhu, mai kauri, yana yawo a sama: ɓawon ke nan tun yana narke. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500, zafin wannan 'yar wuta kuwa ya haura 3,000, kuma duk wannan yana faruwa a tazarar da ba ta wuce kamu biyu daga hancinka ba, kai ne kuma mai jan ragamarsa. Na rantse ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a aikin hannu ba. Daga ranar da ido ya rarrabe ruwan ƙarfe da ruwan ɓawo, daga ranar mutum ya fara walda. Kafin nan ƙona sanda kawai yake yi.

Abu huɗu hannu ke yi a lokaci guda, kuma a nan daɗin yake. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin tsinken da ke cikinta. Sandar tana ƙonewa tana gajarcewa, don haka hannu na tafiya gefe yana kuma sauka ƙasa a hankali. Ka ɗan kwantar da ita wajen digiri 10 zuwa 15 zuwa inda ka nufa, kana janta, ba turawa ba, don ɓawon ya zauna a baya. Sannan sauri. Duk wanda ya taɓa bin garmar shanu ya riga ya san wannan darasi: ka yi sauri kunya ta fito siririya ba ƙasa, ka yi nawa ta taru ta yi tudu, ka waiwaya ta karkace. Layin walda kunya ce, kuma manomi na gane mai kyau tun daga nesa.

Ƙarfen ba ya ɓoye maka komai. Oga yakan ɗauki farantin ya karanta shi layi-layi. Wannan da ya yi tsayi ya ƙanƙance, ya hau saman ƙarfe bai shige shi ba, wuta ta yi kaɗan. Wannan da ya baje, tartsatsi ya manne ko'ina, gefensa ya zaizaye ya bar kwari, wuta ta yi yawa ko an ɗaga hannu da nisa. Wannan mai ƙananan ramuka, ko tsatsa da fenti ne ba a goge ba, ko sandar ta sha danshi. Kunne ma yana da nasa karatun. Yana iya juya baya yana wani aiki ya ce, "Malam, sauke hannu," don ƙarar ta canza. Sai kuma ranar da komai ya daidaita. Ka ɗaga garkuwa, layin yana ja yana komawa toka, ka ji wata 'yar ƙara ƙas-ƙas, sai ka ga ɓawon ya ɗago da kansa daga wutsiya, ya lanƙwashe sama, ba guduma ba komai. Ka sa bakin ƙarfe ka ture shi, a ƙasa ga layi mai sheƙi, da 'yan zara-zaran tsagu a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na ɗauki wannan farantin na kai gida, yana nan a ɗakina. Oga da ya gani bai yi dogon yabo ba, cewa ya yi, "Yauwa. To yi mini irinsa goma." Wannan yauwa ɗin ta fi mini takardar yabo.

Da muka zo haɗa ƙarfe da ƙarfe sai ya nuna mini abin da ban taɓa zato ba, wato ƙarfe yana tafiya. Ya ɗauki angul biyu ya daidaita su da sikwaya, ya zuba walda mai yawa a gefe ɗaya da gangan, ya ce in zuba ido. Yana hucewa sai ga na tsayen yana sunkuyowa wajen waldar, a hankali, har sikwayar ta ƙi zama. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke, kuma tsukewar tana jan duk abin da ke kusa. Maganinsa ɗigo: ka ɗiga nan, ka ɗiga can, ka auna, ka daidaita da guduma, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ka ga tsawon biyun ya zo ɗaya, sannan ka cike, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don jan ya kashe juna. Rabin walda awo ne da yanka da gogewa. Mintin da ake kunna wuta kaɗan ne a cikin aikin, kuma wannan ma ya burge ni, don yana koya wa mutum shiri.

Aikina na farko da ya shiga gona mazaunin injin ban ruwa ne, wanda jijjiga ta tsage masa ƙafa. Na goge tsagar, na buɗe bakinta da giranda don waldar ta samu wurin shiga, na ɗiga, na cike, na ƙara masa guntun angul ya tallafe. Ya yi rani guda cur a fadama yana jijjiga, ko gezau. Duk lokacin da na je ban ruwa sai na sunkuya na duba wurin. Daga nan sai baron gida, sai marfin kejin kaji, sai murhun gawayi da na yi wa uwargida, wanda ta ce ya fi na kasuwa zama daram. Ba na karɓar aikin kuɗi, kuma ba zan karɓa ba. Wannan abincin su Oga ne, kuma duk abin da ya shafi ran mutum, irin su firam ɗin babur ko abin da za a hau, wurinsu nake turawa.

Akwai kaya ɗaya da zan roƙi kowa ya saya tun kafin injin, ita ce hular walda mai duhunta kanta. Kamfanin Hörnell na Suwidin ne ya fara fito da irinta kasuwa a 1981 da sunan Speedglas, yanzu kuwa masu sauƙin kuɗi sun cika shaguna. Kana ganin aikinka sarai ta cikin gilashin, wuta na tashi ya yi duhu kafin ƙiftawar ido, tana mutuwa ya washe. Hannunka biyu suna sake, ba ka ƙyasta sanda a makance. Ga ɗan koyo wannan rabin wahalar ce ta tafi. A nan ne kuma zuciyata ke ɓaci, don har gobe za ka ga samari suna walda da baƙin gilashin kwalliya, wasu ma runtse ido kawai suke yi su kau da kai. Hasken walda yana ɗauke da haskoki masu ƙona fatar ido, kuma ciwon ba ya zuwa nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, mutum ya farka ido ya yi ja, hawaye na zuba, yana jin yashi-yashi, ba ya iya kallon ko fitila. Gilashin da ya dace da wannan aiki mai lamba 10 ne zuwa 12. Yaran da ke taruwa kallo su ma abin yana kama su, don haka kafin in kunna inji sai na kore su, ko da za su ji haushina.

Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Fayif ɗin ruwa mai farin shafe, galbanayiz, ya fi sharri a nan kusa: hayaƙinsa fari yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ba ta kare huhu. Abin da ke karewa shi ne a goge shafen, a yi aiki a fili, a kawar da kai daga hayaƙin. Rigar auduga mai kauri, ba yadin roba da ke narkewa ya manne a fata ba. Safar hannu ta fata, takalmi sau ciki, ba silifas ba. Da damina kada a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ana canza sanda da hannu tsirara. Da kaka kuma, lokacin da kara da ƙaiƙayi suka cika ko'ina, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbu, don haka bokitin ruwa ko yashi ya zauna kusa. Tankin babur ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an wanke shi, ɗan koyo kada ya kusance shi da wuta.

To ina aibin abin ƙaunata? Akwai, kaɗan. Lambar amfiya da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin ƙananan injinan nan masu araha sau da yawa ta fi abin da suke bayarwa, don haka kar mutum ya dogara da ita. Ya gwada da geji 10 a gaban mai shago. Wayoyin da ke zuwa a kwalin gajeru ne, maƙalin at ɗin kuma ba shi da ƙwari, gara a canza su tun farko. Injin yana da iyakar numfashi, wanda ake aunawa a minti 10: idan an rubuta kashi 60, to minti 6 na aiki, 4 na hutu, kuma ƙurar hunturu tana toshe masa fanka in ba a hure ta. Sai babbar matsalarmu, wuta. Ɗan ƙaramin janaretan kunna fitila da talabijin ba zai ɗauke shi ba. Mai ƙarfin kilowat 5 ne ke ba da natsuwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace sanda da ka ƙona sai ka ji ta a aljihu. Ita ma 6013 tana da iyakarta. Ba ta walda alminiyam, kuma ƙarfen zubi irin na wasu sassan injin niƙa yana son sanda mai nikel da ɗumamawa kafin a fara. Duk na san wannan, kuma ko kaɗan bai rage mini so ba.

Wani abin da ke faranta mini rai shi ne sanin cewa ɗan tafkin nan da nake kallo a tsakar gidana shi ne dai wanda ya canza duniya. A 1920 aka sa jirgin ruwa mai suna Fullagar a ruwa a Birkenhead ta Ingila, na farko mai shiga teku da aka haɗa gangar jikinsa da walda zalla, ba ƙusoshin rabit. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya na Liberty guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, kuma walda ce ta ba da wannan sauri, da hannun dubban mutanen da ba su taɓa riƙe holda ba kafin yaƙin, mata da yawa a cikinsu. A nan gida, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, gaɓa-gaɓa aka yi ta haɗa shi da walda. Wanda kuma yake son ya ga inda hannun mutanenmu ya kai, ya je Panteka a Kaduna ya ga injinan casa da na niƙa da ake ƙerawa daga tarkace. Na ji daɗi ƙwarai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, wanda ya koma shugabancin hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE a 2021, ta jawo masu sana'ar Panteka a jika don a ƙara musu horo a kuma ba su takardar shaida. Irin su Oga sun cancanci wannan tun tuni. Mutumin da ke gane yawan wuta da kunne alhali ya juya baya, malami ne, ko da takarda ko babu.

Ga mai son farawa, kada ya sayi komai sai ya fara samun rumfar da za a yarda ya tsuguna. Ya je da ladabi, ya zo da sandunansa da kuɗin mai, kada ya ci wa mai sana'a lokacin ciniki. Yamma bayan an rage aiki ta fi. Tarkacen ƙarfe mai kauri na gwaji yana nan wurin 'yan gwangwan da kilo, kuma mai kauri ya fi siriri sauƙin koyo, don ba ya hujewa. Kwalin sanda a ajiye shi a ɗaki, a naɗe da leda, nesa da danshi.

Ni yanzu walda a tsaye nake fama da ita, daga ƙasa zuwa sama, inda ruwan ke son gangarowa sai ka rage wuta ka riƙa gina masa matakala kaɗan-kaɗan. Bayanta Oga ya yi mini alkawarin sandar 7018, mai ƙarfin jan fam 70,000, wadda ba ta yarda da danshi ko kaɗan kuma ta fi 6013 gardamar kamawa. Ya ce idan an gama casar masara in kawo angul mai kauri da tayoyin tsohuwar mota, mu haɗa amalanke tun daga tushe, shi ya yi wurin da zai ɗauki nauyi, ni in yi sauran. Na riga na yi cinikin aksul ɗin a Ikara.